Sarkin Shara da Kwarin Mangwaro

Garin yana can ƙuryar ƙasa, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Daga bakin teku zuwa can sai mota ta kwana a hanya, in damina ce kuma ta ƙara wani kwanan a cikin taɓo. Ba hanyar ko'ina ba ce, saboda haka duk baƙon da ka gani, to da niyya ya zo. Masu kuɗi ba sa zuwa, kamfanoni ba sa zuwa, matasan garin kuwa da sun yi wayo sai su ɗaure kaya su nufi birnin bakin teku. Abu ɗaya ne Allah ya hore wa garin ba da awo ba, shi ne mangwaro. In lokacinsa ya kama, manoma su yi ta jido shi kasuwa a kwanduna da buhuna, a jibge shi tsibi-tsibi, masu saye su sayi abin da za su iya, awaki su ci har su kau da kai, ragowar kuma ta sha rana kwana biyu ta fara tsiyaya.

Mai kwashe wannan ragowar shi ne mutumin da 'yan kasuwa suka laƙaba wa Sarkin Shara. Da tsokana suka fara, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har ta kai in ka kira shi da sunansa na gaskiya sai ya waiga ya ga da wa ake. Gajere ne kakkaura, mai furfura a gemu. Tun yana saurayi, da aka raba gonar mahaifinsu ya ga rabonsa bai fi shimfiɗar tabarma ba, ya bar wa ƙannensa, ya nemi jaki da amalanke ya shiga kasuwa. Jakuna sun tsufa an sake wasu, amalanken an canza masa taya da katako har ba abin da ya rage na asali, amma mutumin yana nan inda yake.

Aikinsa da tsari yake yinsa. Yakan fara daga layin mahauta tun ƙuda bai farka ba, ya bi ta masu kayan miya, ya ƙare a 'yan mangwaro, inda aikin gaske yake. Manjagara ta tara, shebur ya ɗora, tsintsiya ta bi baya. In ya gama sai ya ja da baya ya ƙare wa layin kallo, ko ƙwallo ɗaya ya hango sai ya koma ya ɗauke. Da yamma ya wanke amalanke da sabulu, ya yi wanka, ya sa farar riga ya zauna a ƙofar gida, wanda bai san shi ba sai ya ɗauka malamin asibiti ne. Ba abin da ya tsana irin a ce garinsu ƙazami ne. Ko hirar wane birni ake yi, komai tsawon benayensa, tambayarsa ɗaya ce: "To, ya kwatocinsu?" Sharar kuwa wani kwari yake kai ta a bayan gari, hanyar da ba mai bi sai shi da jakinsa. Bai taɓa kai kowa wurin ba, ko matarsa ba ta san kamanninsa ba.

Da amalanken nan ya ciyar da 'ya'yansa, da shi kuma ya kai akwatunansu tasha. Babban ya tafi, yana dako a tashar jiragen ruwa. Mai bi masa ya bi shi, yana gadin wani shago. Duk Dogo direba ne ya kwashe su, mai babbar motar da ke kawo wa garin siminti da gishiri, ta koma ba komai a cikinta sai 'ya'yan mutane. Sarkin Shara ba ya ƙin Dogo, tare ma suke shan shayi, amma duk lokacin da ya ji kukan motar nan a tasha sai gabansa ya faɗi.

Saura Auta, 'ya mace ɗaya tilo a gidan. Ita ce ya kai makarantar koyon sana'a, ta koyo gyaran firji da haɗa wutar sola, ta dawo da akwatin kayan aikinta. Firjin garin kuwa ba su da yawa: na mai kemis, na mai ƙanƙara, sai wasu 'yan tsiraru a gidajen ma'aikata. Ta bi su ta gyara duka cikin ɗan lokaci, kuma don rashin sa'a gyaran ya yi kyau, suka ƙi sake lalacewa. Ta koma gyaran rediyo da tocilan maƙwabta, ana biyanta da "Allah ya yi albarka". Rannan tana wanke-wanke ta ce wa uwarta, da muryar da ta san uban zai ji daga zaure, da zarar mangwaro ya ƙare za ta bi yayyenta.

"Malam, ka ji abin da 'yarka ta ce?" in ji matarsa, da ta kawo masa ruwa.

"Na ji."

"To, shi ke nan? Ka ji kawai?"

"Me kike so in ce? In ce ta zauna ta ci me, sunana?"

Abin ya tsaya masa a rai. Ba ya so ta tafi, ko kaɗan ba ya so. Ya san yadda gida yake komawa in yara sun watse, tsofaffi biyu su zauna suna kallon waya ko za ta yi ƙara. Auta ce mai buɗe ƙofa da ƙarfi, ita ce mai yi masa gardama, ita ce mai ce masa rigarsa ta yi gajarta. Sai dai ba shi da abin da zai riƙe ta da shi, kuma shi ba mai roƙon ɗa ba ne.

Ana cikin haka, mangwaro ya kai ganiyarsa, sai shugaban kasuwa ya tara mutane a rumfarsa. Ya ce wata mai kamfanin lemo daga bakin teku tana neman inda za ta zuba jari a cikin ƙasa, ta ji labarin mangwaron garin, za ta zo ta gani da idonta.

"Jama'a, baƙuwa ce mai nauyi," in ji shugaba. "Kada ta zo ta tarar da mu cikin ƙuda da wari, ta koma tana ba da labarinmu. Sarki, wannan yaƙin naka ne."

To, nan fa mutanen garin suka yi abin da suka fi iyawa. Mutane ne da in baƙo zai zo, sai a tura tukunya mai baƙi ƙarƙashin gado, a aro kujerar maƙwabta, a kora yaro mai majina gidan kakarsa. Ko yunwa ke nuƙurƙusarsu, baƙo ya tambaya, sai su ce yanzu aka ɗauke kwano. Halin yana da kyau, ba mai cewa ba shi da kyau. Amma duk cikar rumfar nan, ba mutum ɗaya da ya tambayi abin da matar take zuwa nema.

Sarkin Shara ya yi aikin da bai taɓa yi ba. Ya kwashe ruɓaɓɓe, ya kwashe mai shirin ruɓa, har wanda ya ɗan yi tabo bai bari ba. Sawu a kan sawu zuwa kwari, har jaki ya fara yi masa kallon banza. Aka aika wa manoma kada kowa ya kawo kaya ranar. Aka ce wa 'yan mangwaro kowa ya zaɓo masu kyau kaɗan ya goge ya jera a tire. Aka shafa wa duwatsu da gindin itatuwa farar ƙasa, aka ɗaure awakin unguwa, shi kuma ya bi daɓen rumfuna da ruwa da toka har wari ya ɗauke.

"Baba, kana wahalar da kanka," in ji Auta, tana guga. "Irinsu hoto kawai suke ɗauka su tafi."

"Wannan in ta ga kasuwata, ba za ta so tafiya ba."

"Kasuwarka? Yaushe aka ba ka?"

"Ke dai yi gugarki."

Baƙuwar ta iso da hantsi. Doguwar mace ce, ta manyanta, ba kwalliya, takalmin ƙafarta na yawo ne ba na zaman ofis ba. Ta gaisa da kowa, ta bi layi-layi a hankali, shugaba a gefenta, jama'a a bayansu. A 'yan mangwaro ta ɗauki guda ta shinshina, ta ciro 'yar wuƙa a jakarta ta yanka ta kai baki, ta gyaɗa kai ta ce ba ta taɓa cin mai zaƙinsa ba. Sannan ta shiga waige-waige kamar wadda ta yar da wani abu.

"Shugaba, iyakarsa ke nan? In ya yi muku yawa fa, ina kuke kai shi?"

"Yawa? Ranki ya daɗe, ai mu nan ba ma asara. Abin da aka kawo da safe, kafin yamma an saye tas."

"Ba ya ruɓe muku?"

"Ruɓa? Ga mai sharar nan, tambaye shi ki ji."

Sarkin Shara ya matso cikin farar rigarsa, ya turo ƙirji. "Hajiya, kasuwar nan ƙuda ma da yunwa yake kwana."

Aka bushe da dariya, aka dafa masa kafaɗa. Gajeren mutum ya ji ya fi kowa tsawo a wurin. Baƙuwar ta yi murmushi kaɗan, ta mayar da wuƙarta jaka.

Sai da aka zauna a rumfar shugaba ta sha ruwa, sannan ta yi bayani. Ta ce gaskiya ba ta taɓa ganin kasuwa mai tsaftar wannan ba. "Amma ni abin da ya rage nake nema. Injina ba ya ƙoshi da abin da ke kan tire, tsibi yake ci, kullum, har lokacin ya wuce. An ce min a nan har zubarwa ake yi, shi ya sa na yi wannan doguwar tafiya. Tunda kuna sayar da naku tas, in na shigo sai dai in yi ta kokawa da masu sayenku, in sa ya fi ƙarfin talaka. Ba zan yi muku haka ba. Zan duba gaba."

Kowa a wurin ya san gaskiya, kowa kuma ya dubi ƙasa. Mai tsibi mafi girma a kasuwar, wanda kullum yake kukan asara, ya shiga gyaran hularsa. Shugaba ya yi gyaran murya, ya dubi takalminsa, ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe." Wallahi haka ya ce. A wurinsu gara jarin ya tafi gaba ɗaya da a ce babban mutum ya lashe maganarsa a gaban baƙuwa.

Sarkin Shara ya zare jiki ya koma bayan rumfuna inda ya ɗaure jaki. Ya tarar Auta ta kawo masa abinci tana zaune a bakin amalanke. Ya buɗe kwano ya rufe. Da ta matsa masa, ya ba ta labari. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sai da ta dubi fuskarsa sannan ta tsaya.

"Baba, ashe abin da ta zo gani kuka kwashe."

"Ba 'kuka' ba. Ni na kwashe, da hannun nan."

Ta tattara kwanuka ta ɗaure a tsumma. "Ba komai, Baba. Dama ni ban sa rai ba. Na ma riga na yi wa Dogo magana."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya tsaya yana kallon hannuwanta, da tabon ƙuna a babban yatsa wanda ta samo a wajen koyon aiki. Tunaninsa ya tafi kwari. Duk tsawon rayuwarsa aikinsa ke nan, ya raba idon mutane da abin da ke can. Ya kai baƙuwa wurin, ai tsiraicin gari ya nuna, kuma ya ƙaryata shugaba, ya ƙaryata kansa, mutumin da ɗazu-ɗazu ya turo ƙirji aka yi masa dariyar yabo. Daga cikin kasuwa ya ji an tayar da motar baƙuwa. Ya kwance jaki.

"Hau."

"Ina za mu?"

"Hau na ce."

Ya yanke ta bayan injin niƙa, ya bi lungun maƙera, ya ɓullo kan hanyar fita gari kafin motar, ya gicciya amalanke a tsakiyar titi. Direban baƙuwa ya taka birki ya danna oda. Sarkin Shara ya sauko, ya cire hularsa, ya je gefen gilashi.

"Hajiya, ƙarya muka yi miki. Tawa ta fi ta kowa, don ni na san inda yake."

Ta daɗe tana kallonsa. "Inda me yake, Baba?"

"Abin da kika zo nema. Sai dai mota ba ta shiga, kuma wurin ba na irinku ba ne."

Ta buɗe ƙofa ta fito. Ya shimfiɗa mata wankakken buhu, ta hau ta zauna kusa da Auta, ya ce mata wannan 'yarsa ce. Suka gangara ta 'yar siririyar hanya, taya tana ƙara.

Wari ne ya fara tarbarsu, mai zaƙi-zaƙi mai tsami, irin mai kama maƙogwaro. Daga nan sai gunjin ƙuda da zuma. Da suka sha kwana, ga shi nan: mangwaro tuli a kan tuli, rawaya da baƙi, daga bakin kwari har ƙasansa, ruwansa yana gangara ya haƙa wa kansa hanya. Auta ta toshe hanci da gyale. Ba ta taɓa sanin nan ne ubanta yake zuwa kullum ba. Shi kuwa ya tsaya a gefen jaki, kai a sunkuye, hula a hannu, yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Baƙuwar ta sauko ta taka har bakin tulin, takalminta yana nutsewa. "Wannan na yaushe ne?"

"Na kwanakin nan ne, Hajiya. Na saboda ke."

"Waɗancan itatuwan fa, gonar wa?"

Ta nuna cikin kwarin. Daga inda tulin ya ƙare, 'yan tsirrai ne cunkus, bayansu matasan itatuwa, bayansu manya, can ƙarshe kuma wasu gagga masu duhun inuwa, duk mangwaro, sun cika kwarin har inda ido ya tsaya.

"Ba gonar kowa ba ce. Shara ce ta tsiro. Can wajen manyan na fara zubarwa ina saurayi, in wuri ya cika in matso."

Ta bi itatuwan da ido daga manya zuwa ƙanana, ta sake binsu daga ƙanana zuwa manya. "Wato ba shekarar da aka fasa."

"Ko ɗaya."

Sai ta yi dariya, dariya ta gaske, ba irin ta rumfa ba. "Baba, tun safe warin nan nake nema kuna ta ba ni turare. Sa hularka, don Allah."

Amma ba ta yi saurin murna ba. Ta ce kaya kam akwai, saura matsalar zafi. Abin da aka matse sai an sanyaya shi nan take, garin kuma ba wutar kirki. Ko ta kawo ɗakin sanyi mai aiki da sola, ranar da ya tsaya, kafin mai gyara ya taso daga bakin teku komai ya lalace. Ta ce wannan ne ya hana ta shiga wurare da dama.

"Wane irin kwampreso ne a cikinsa?" in ji Auta, daga bayan gyale.

Baƙuwar ta juyo. Ta faɗa. Auta ta sauke gyalen, ta manta da wari, ta ce irin wannan ba ya son ƙura, sai an ɗaga shi daga ƙasa an yi masa rumfa, ta tambayi girman batir, ta tambayi irin gas. Baƙuwar tana amsawa tana jefo nata tambayoyin, har suka tsuguna Auta tana zane a ƙasa da tsinke. Sarkin Shara bai gane ko kalma ɗaya ba. Muryar 'yarsa kawai yake ji, ba rawa ba in'ina, a gaban mai kamfani, a bakin jujin da ya ɓoye mata tun tana goye. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya hau gyara wa jaki igiya wadda ba abin da ya same ta.

Baƙuwar ba ta yi alkawari ba. Ta karɓi lambar Auta, ta ce za ta yi tunani, ta tafi.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari. Shugaba ya tare shi a gaban mutane. "Sarki, ka kyauta. Mun yi kwanaki muna rufa wa gari asiri, kai ka ɗauki baƙuwa ka kai ta juji."

"Juji take nema, Shugaba."

"Ko shi take nema, sai a ba ta? Ba a san mutunci ba?"

Daga ranar, in ya zo teburin mai shayi sai hira ta mutu. Wasu suka daina ce masa Sarki, suka koma "kai mai amalanke", kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Mangwaro ya ƙare, waya ba ta yi ƙara ba. Auta ta ce bari ta ga ƙarshen wata, wata ya ƙare ta ce bari hanya ta bushe tukuna. Damina ta kankama, hanya ta yanke. Shi dai yana shararsa, yana wanke amalankensa, amma a ransa ya fara yarda cewa ya zubar da girmansa a banza.

Sai bayan ruwa ya ɗauke, rannan da rana tsaka motar Dogo ta shigo gari tana nishi, ɗauke da wani dogon farin akwatin ƙarfe da farantan sola a ɗaure a gefe. Baƙuwar tana biye a motarta. Ba ta nufi rumfar shugaba ba, ta aika a kira mata Auta.

Kada a zaci wata gagarumar masana'anta aka gina mai hayaƙi. Ɗakin sanyi ne guda, da rumfar kwano, da injin matsa. Amma da mangwaro ya dawo, manoma suka yi layi da kwandunansu tun daga bakin ƙofa har kan titi. Matan unguwa suka sami aikin wanki da fira. Motar Dogo ta daina komawa wayam, durom-durom na ruwan mangwaro take ɗauka. Wani ya buɗe shagon walda a gefe, wata ta kafa tukunyar abinci, mutane suka fara sayen firji. Shugaba kuwa ya shiga ba da labarin yadda shi ne ya ƙyafta wa Sarki ido ya kai baƙuwa kwari. Sarkin Shara yakan ji, ya ce, "Haka aka yi, Shugaba," ya kurɓi shayinsa. Sunansa ya dawo ba tare da kowa ya ba shi haƙuri ba.

Auta ce mai kula da ɗakin sanyi da injin. Da safe ta sa shuɗiyar rigar aiki ta fita, maza suna matsa mata hanya. In ya zo kwasar ɓawo da ƙwallo, yakan ja aikin da gangan don ya ji tana ba da umarni. Ya fara sakin jiki ke nan, sai Dogo ya ɓata masa shayi.

"Sarki, ka ji? Hajiya na so ta ɗauke 'yarka ta kai ta babban kamfani. An ce hannunta ya fi ƙarfin ƙauye."

"Wa ya ce nan ƙauye ne?"

"Ni dai abin da na ji ke nan."

Bai tambaye ta ba. Ya tambayi matarsa, ta ce ita ma ta ji, amma yarinya ba ta ce mata komai ba. Ya shiga lura da Auta ta gefen ido, in ta yi waya ya kasa kunne, in ta wanke kaya da yawa ya kasa cin abinci. Ya san in ta ce za ta tafi ba zai hana ba, don wannan karon ba yunwa ce za ta kore ta ba, iyawarta ce za ta ɗauke ta, kuma shi ya kai ta ta koyo.

Wata yamma yana zaune a ƙofar gida, ta dawo daga aiki, hannu duk baƙin mai. Ba ta shiga ciki ba. Ta tsaya tana kallon filin da ke gefen zaure, inda yake ɗaure jaki. Ta taka daga bango zuwa bakin titi, ta dawo, ta sake takawa ta ɗaya gefen.

"Baba, jakin nan zai iya komawa bayan gida?"

"Me ya yi miki?"

"Wurin nake so. Masu firji sun yi yawa, suna bina har wajen aiki, Hajiya ta fara ƙorafi. Shago zan yi, in riƙa duba su da yamma."

Ya yi tambayar a hankali, kamar ba ta dame shi ba. "Na ji an ce za a kai ki babban kamfani."

"Ta yi min maganar. Na ce mata in na tafi wa zai riƙe mata nan? Ta ce in koya wa wasu. Na ce zan koya musu, amma a nan." Ta goge hannu a jikin riga. "Ka ga, ƙofa ta kalli titi, taga ta nan."

"Langa-langa za a kafa? Akwai ragowar kwano a wajen mai walda."

"Wane langa-langa, Baba? Na bulo nake so, a haƙa masa tushe sosai. Gobe in ka gama kasuwa ka fara kawo min yashi."

'Ya'yansa sun sha roƙonsa abubuwa, akwati, takalmi, addu'ar hanya. Ba wanda ya taɓa roƙonsa abin da za a binne a ƙasar gidan ya zauna. Idanunsa suka ciko, ya miƙe da sauri ya je wajen jaki ya ba ta baya, ya daɗe yana kwance igiya. Matarsa ta leƙo daga zaure, ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta koma ciki.

"Baba, ka ji ni kuwa?"

"Na ji," in ji shi. "Yashin bakin hanya ƙasa ta yi masa yawa, ba ya riƙe gini. Na rafi zan ɗebo miki, ko da ya fi nisa."